Albashi ko Mutunci: Muhawara kan Ƙwazon Ma'aikatan Jami'a da Ba Sa Koyarwa

Jami'a ba ta tsayuwa da malamai da ɗalibai kaɗai, domin kafin malami ya shiga aji sai an buɗe ɗakin an share shi an duba wutarsa, sai an yi wa ɗalibi rajista an adana takardunsa, kuma bayan jarrabawa akwai mai shigar da maki a kwamfuta, akwai mai buga shaidar kammala karatu ya kai ta gaban mai sa hannu. Masu ɗauke da wannan nauyi su ne ma'aikatan gudanarwa da fasaha, waɗanda a jami'o'in Nijar aka fi sani da taƙaitaccen sunansu na Faransanci, wato PAT, a Najeriya kuma ake ce musu ma'aikatan da ba sa koyarwa. Sun haɗa da sakatarori da akantoci da masu kula da laburare da ɗakunan gwaje-gwaje, da direbobi da masinjoji da masu gadi da masu shara. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka kuma sa mata sunan masanin makamashin hasken rana Abdou Moumouni Dioffo a 1992, tana hannun dama na kogin Isa, a yankin Harobanda, alhali mafi yawan birnin yana hannun hagu. Gamkalle, tsohuwar unguwar bakin kogi da birni ya cim mata ya haɗiye, wadda ke maƙwabtaka da yankin masana'antu kuma aka san ta da majema da masu lambun gaɓa, tana cikin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi na hannun hagun, kuma gada ta biyu, ta abotar Sin da Nijar, wadda aka buɗe a 2011, ta kusanto da ita ga wancan gefe. Ma'aikacin jami'a da ke kwana a irin wannan unguwa, yake ƙetare ruwa kowace safiya, shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a gwada wata tsohuwar muhawara da shi: shin albashi ne ke sa mutum ya ba wurin aikinsa zuciyarsa, ko kuwa mutuntawa da sanin darajar aikin?

Kafin a saurari ɓangarorin biyu, akwai abubuwa biyu da ake yawan haɗawa alhali kowanne da gidansa. Ƙwazon aiki shi ne ƙarfin da ke tunzura mutum ya fara aiki, ya dage a kansa, ya kai shi ƙarshe ko da babu mai kallonsa. Kishin wurin aiki kuwa shi ne igiyar da ta ɗaure shi ga ma'aikatar kanta har yake jin ba ya son barin ta. A 1991 masana biyu ƴan Kanada, John Meyer da Natalie Allen, sun nuna cewa igiyar nan iri uku ce. Akwai wanda ke zaune domin yana ƙaunar wurin, yana jin nasarar wurin nasararsa ce, wannan shi ne zaman ƙauna. Akwai wanda ke zaune domin tafiya za ta jawo masa asarar da ba zai iya ɗauka ba, ta fansho da shekarun da ya tara, ko kuma babu inda za shi, wannan shi ne zaman tilas. Akwai kuma wanda ke zaune domin yana ganin an yi masa alheri kuma tafiya butulci ne, wannan shi ne zaman ramuwar alheri. Dukansu uku suna bayyana a rajistar ofis da kama ɗaya, ta ma'aikacin da ya daɗe, amma aikin da suke fitarwa ba ɗaya ba ne, kuma rabin rikicin wannan muhawara daga rashin bambance su ya samo asali.

Masu cewa albashi ne tushe suna da tarihi a bayansu, kuma tarihi ne da ma'aikatan Yamai masu manyan shekaru suka gani da idonsu. A shekarun 1990, bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 da babban taron ƙasa na 1991, baitulmalin Nijar ya shiga ƙunci mai tsanani, albashin ma'aikatan gwamnati ya riƙa taruwa wata da watanni ba a biya ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta riƙa kiran yajin aiki bi da bi, shekarun karatu a jami'a suka riƙa rushewa ko shiga cikin juna. A cikin wannan hali ne aka karya darajar kuɗin Sefa da rabi a Janairun 1994, ta yadda faran ɗin Faransa guda da ake samu a kan Sefa 50 ya koma Sefa 100, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi, albashin da ma ba ya zuwa a kan kari ya ƙara ƙanƙancewa. Hujjar wannan ɓangare ita ce a wancan zamani ne ɗabi'u da yawa da ake zargin ƙananan ma'aikata da su a yau suka yi saiwa, irin su zuwa a makare da tashi da wuri, da riƙe wata sana'a a gefe, da karɓar na goro kafin a nemo fayil, domin mutumin da aka bar shi wata uku ba albashi dole ya koyi wata hanyar ciyar da gidansa, kuma abin da aka koya cikin yunwa ba ya barin mutum ranar da aka biya shi bashinsa.

Suna ƙarawa da lissafin yau. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tsaya a kan Sefa 30,047 tun daga 2012 har sai da aka ɗaga shi zuwa jika 42, wato Sefa 42,000, daga farkon 2024, kuma ko da ma'aikacin jami'a na dindindin ya ɗara wannan adadi, shi ne ma'aunin da kasuwar ƙwadago ke auna mai gadi da mai shara da shi. Daga cikin abin da ya samu zai biya haya, ya biya kabu-kabu ko faba-faba zuwa wancan gefen kogi da dawowa, ya sayi shinkafa da gero, ya zuba adashe, ya kai gudummawar suna da biki da rasuwa, waɗanda a zaman unguwa irin ta Gamkalle ba a ɗauke su abin ganin dama ba. Da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin ECOWAS bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, farashin abinci ya haura kafin a ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, kuma ba a buƙatar wani dogon nazari kafin a gane wanda ya fi jin jiki tsakanin farfesa da masinja. Jami'o'in gwamnati kuma, waɗanda suka ƙaru da na Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sannan na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, duk daga tallafin baitulmali guda suke ci, don haka jinkirin sakin tallafin yakan zama jinkirin albashi da alawus, abin da ƙungiyoyin ma'aikatan jami'o'in suka sha ambatawa a matsayin dalilin yajin aikinsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji masu wannan ra'ayi, kuma suna kafa hujja da addini, domin hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya yi umarni da a gaggauta biyan ɗan ƙwadago haƙƙinsa ba tare da ja masa rai ba.

Ba su rasa goyon bayan bincike ba. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana a 1982 cewa ma'aikaci yakan ɗauki albashin da ya wuce na dole a matsayin kyauta, ya rama ta da ƙoƙarin da ya wuce na dole, wato dangantakar aiki musayar alheri ce kafin ta zama ciniki. Wani gwaji da Ernesto Dal Bó da Frederico Finan da Martín Rossi suka wallafa a 2013, wanda aka yi lokacin ɗaukar ma'aikatan gwamnati a Meziko, ya nuna cewa guraben da aka tallata da albashi mafi tsoka sun jawo masu nema da suka fi ƙwarewa, kuma ba a ga alamar cewa sun gaza sauran wajen son yi wa jama'a hidima ba. Wannan sakamako yana da nauyi, domin yana rusa wani zato da shugabanni ke fakewa da shi, cewa wai kuɗi yana jawo masu kwaɗayi ne ya kori masu kishi.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun cewa mutum sai ya ci, abin da yake musu shi ne cewa ƙoshi yana haifar da ƙwazo. Babban madogararsa shi ne binciken da Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka wallafa a 1959, bayan sun yi hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a yankin Pittsburgh na Amurka, inda suka gano cewa abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban suke da abubuwan da ke faranta masa. Ƙarancin albashi da mugun shugaba da lalacewar wurin aiki suna jawo ƙorafi, kuma gyara su yana kashe ƙorafin ne kawai. Abin da ke sa mutum ya zage damtse shi ne aikin kansa, da ganin sakamakonsa, da yabo, da amanar da aka danƙa masa, da hanyar ci gaba. Edward Deci da Richard Ryan sun faɗaɗa wannan tunani a littafinsu na 1985, kuma nazariyyar da suka gina ta ce ɗan Adam yana buƙatar abu uku a aikinsa: ya ji yana da ta cewa a yadda yake yin sa, ya ji ya iya shi, ya ji yana cikin mutane da suka san da zamansa. Amy Wrzesniewski da Jane Dutton kuma, a rubutunsu na 2001, sun kawo misalin masu sharar wani asibiti a Amurka da suke kan aiki ɗaya, amma wasu na ganin kansu masu goge ƙasa kawai, wasu na ganin kansu cikin masu jinyar marasa lafiya, har suna ƙara wa kansu ayyukan da ba a sa su ba.

Hujjar da ta fi kusa da gida ita ce ta Imran Rasul da Daniel Rogger, waɗanda suka bi diddigin ayyuka sama da 4,700 a hukumomi 63 na gwamnatin tarayyar Najeriya suka wallafa sakamakon a 2018. Sun tarar cewa hukumomin da ke sakar wa ma'aikatansu mara su yanke shawara a kan aikinsu sun fi kammala ayyuka, alhali waɗanda suka dogara ga sa ido da ladan ƙwazo sun fi barin ayyuka a hanya. A Lusaka ta Zambiya ma, gwajin da Nava Ashraf da Oriana Bandiera da Kelsey Jack suka wallafa a 2014 ya nuna cewa masu gyaran gashi da aka ba aikin sayar da kayan kariya daga cutar ƙanjamau sun fi himma idan ana manna musu taurari a wani allo da kowa ke gani, fiye da idan ana ba su kamasho. Masu wannan ra'ayi suna cewa abin da Bahaushe ke kira mutunci ke nan, wanda Anthony Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a laccarsa da aka buga a 1974, tare da gaskiya da amana da kunya da adalci. Suna nuni da cewa a harabar jami'a, inda kowa da laƙabinsa na dakta da farfesa, dattijon da ya shekara talatin yana riƙe da makullan ɗakin gwaji yana iya zama marar suna, wanda ake kira da hannu ko da sunan aikinsa, kuma ƙarin jika goma ba zai warkar da wannan ciwo ba. Suna kuma nuni da wurare irin su sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na cibiyar binciken IRSH, wadda ke ƙarƙashin jami'ar, inda dubban tsofaffin takardu da aka fara tarawa tun zamanin Boubou Hama suke buƙatar kariya daga ƙura da gara da danshi. Irin wannan aiki babu mai duba da zai iya auna shi kullum, ya dogara ne ga mutumin da ya san darajar abin da ke hannunsa.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a sikeli, abu na farko da ke fitowa shi ne cewa binciken Herzberg, duk da shahararsa, an yi shi ne a kan mutanen da albashinsu ke shiga a ranarsa kuma yake isar su. Shi kansa bai ce albashi ba shi da amfani ba, cewa ya yi sai an kawar da abubuwan ƙorafi kafin abubuwan zaburarwa su sami wurin aiki, don haka wanda ya ɗauko sunansa ya karanta wa ma'aikacin da ke bin bashin alawus ya juya maganar ne a kan kanta. Akwai kuma rauni a hanyar binciken da masana suka daɗe da nunawa, wato mutum idan aka tambaye shi ranar farin cikinsa yakan jingina ta ga ƙoƙarinsa, ranar baƙin cikinsa kuma ga wasu. Amma kuskuren da ya fi girma shi ne raba albashi da mutunci kamar abubuwa biyu da za a zaɓi ɗaya, domin a rayuwar magidanci a Gamkalle jinkirin albashi shi kansa zubar da mutunci ne: shi ne tsayuwa gaban mai kanti ana neman a ƙara haƙuri, shi ne kauce wa hanyar mai gidan haya, shi ne zuwa suna hannu rabbana. Shugaban da ya miƙa wa irin wannan mutum takardar yabo a ƙarshen shekara bai mutunta shi ba, kuma mai karɓar ya san haka ko da ladabi ya hana shi faɗa. A wannan gaɓa masu maganar albashi ne ke da gaskiya, kuma gaskiyarsu ba rabi ba ce.

Sai dai daga nan hujjarsu take fara gajiya. Babban nazarin da Meyer da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna cewa zaman ƙauna ne ya fi tafiya tare da ingancin aiki da zuwa a kan lokaci da taimakon abokan aiki, zaman ramuwar alheri yana biye da shi, shi kuwa zaman tilas ko dai ba shi da alaƙa da waɗannan ko kuma yana tafiya da kishiyarsu. Albashi da fansho sun ƙware wajen ƙulla zaman tilas, musamman a ƙasar da aikin albashi na dindindin ya yi ƙaranci ƙwarai, wadda ƙidayar 2012 ta sami mutum miliyan 17 a cikinta suna ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara, kuma mafi yawansu a noma da kiwo da ƙananan sana'o'i suke. Ma'aikacin jami'a ba ya ajiye aiki, domin bayan ƙofar akwai ɗaruruwan masu takardu da ke jiran gurbinsa, kuma abin da zai koma gare shi bai wuce lambu ko tuƙin kabu-kabu ko tireda ba. Saboda haka hukumar da ta dubi rajista ta ga babu mai tafiya, ta ɗauka ma'aikatanta masu kishi ne, ta yaudari kanta. Albert Hirschman ya bayyana a 1970 cewa wanda bai ji daɗin ƙungiyarsa ba ko dai ya fita ko ya yi magana, kuma biyayyarsa ce ke tsai da shi ya gwada maganar kafin fitar. Masu bincike da suka biyo bayansa sun ƙara wata hanya, wato sakaci, inda mutum yake nan da jikinsa amma ya janye zuciyarsa. Inda aka toshe fita kuma aka raina magana, sakaci ne ke yaɗuwa, kuma kalmominsa sanannu ne ga duk ɗalibin da ya taɓa neman takardar makinsa a kowace jami'a ta wannan yanki: a dawo gobe, mai makullin ya fita, aikin gwamnati ba na uban kowa ba ne. Ƙarin albashi zai iya rage buƙatar na goro, amma ba shi da tabbacin dawo da zuciyar da ta riga ta fice.

Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001 kuma Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suka kasance cikin jagororinta, sun ba wannan al'amari suna mai amfani, wato ƙa'idojin aikace, ma'ana dokokin da ba a rubuta ba amma kowa a ofis ya san su kuma yake bin su, kamar lokacin da ake zuwa a zahiri, da wanda ake yi wa aiki da sauri, da laifin da ba a hukunta kowa a kansa. Binciken da Olivier de Sardan ya jagoranta tare da Yannick Jaffré a kan cibiyoyin lafiya na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, ciki har da Yamai, wanda aka wallafa a 2003, ya nuna yadda ake karrama wanda aka sani ake wulaƙanta wanda ba shi da kowa. Darasin da ke ciki ga jami'a shi ne sabon ma'aikaci ba ya koyon aikinsa daga takardar ɗaukarsa, yana koyonsa ne daga abin da ya ga ana yi, kuma idan ya lura cewa mai ƙoƙari da marar ƙoƙari daidai suke a ƙarshen wata da ƙarshen shekara, ba zai daɗe ba zai daidaita tafiyarsa da ta ayari.

Wannan ya kai ga abin da ɓangarorin biyu suka fi yin sakaci da shi, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ne zuciyar lamarin, wato adalci. J. Stacy Adams ya nuna tun a shekarun 1960 cewa ma'aikaci ba ya auna ladansa shi kaɗai, yana auna shi ne da na wanda ke gefensa, kuma idan ya ga an tauye shi sai ya rage ƙoƙari har lissafin ya daidaita a zuciyarsa. Jami'o'in Najeriya, har da Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, sun ga wannan a fili. A farkon 2021 ƙungiyoyin ma'aikatan da ba sa koyarwa, SSANU da NASU, sun shiga yajin aiki, kuma cikin manyan dalilansu akwai rabon naira biliyan 40 na alawus, wanda aka ware wa ƙungiyar malamai ta ASUU kashi 75 cikin 100 aka bar wa sauran ƙungiyoyi kashi 25. Bayan dogon yajin 2022, wanda gwamnati ta riƙe albashin kowa a kansa, an saki wa malamai albashin wata huɗu a farkon 2024 aka bar ma'aikatan da ba sa koyarwa, abin da ya jawo yajin gargaɗi na kwana bakwai a Maris ɗin shekarar da wani yajin a ƙarshen Oktoba. Duk wanda ya ce rigimar kuɗi ce bai yi ƙarya ba, amma abin da ya hura wutar shi ne saƙon da rabon ya isar, cewa a gida ɗaya akwai ƴaƴa akwai agololi. Yajin kuma ya koya wa jami'o'in abin da suka manta, domin ranar da aka rufe famfon ruwa da injin wuta da asibitin makaranta da ofishin rajista, ajin farfesa ma bai buɗu ba.

A Nijar rashin daidaiton ya fi bayyana a tsani. Malamin jami'a yana da matakai sanannu da yake hawa ta hanyar hukumar CAMES, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a Yamai a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, inda takwarorinsa daga wasu ƙasashe ke duba ayyukansa su ɗaga shi, kuma yana da ƙungiyar SNECS mai ƙarfin murya. Ɗalibi ma yana da ƙungiyar USN da kowace gwamnati ke shakka. Ma'aikacin gudanarwa kuwa, bisa tsarin aikin gwamnati da aka gada daga Faransa, takardar shaidar da ya shigo da ita ce ke yanke masa rukuni, shekaru ne ke matsar da shi a cikin rukunin, kuma gwanintar da ya tara a bakin aiki ba kasafai take tsallakar da shi zuwa na gaba ba sai da sabuwar takarda ko jarrabawar gasa. Abin takaici ne a ce mutum ya ƙare rayuwarsa a gidan da ake raba digiri, yana buga wa wasu shaidarsu, shi kuwa ƙofar ƙarin ilimi ta fi masa nisa fiye da ɗalibin da ya zo daga Difa. Aikin nasa kuma ba raguwa yake ba: tsarin karatu na LMD, wanda ƙasashen ƙungiyar UEMOA suka amince da shi a 2007, ya raba shekara zango biyu, ya kakkarya darussa zuwa ƙananan rukunoni kowanne da makinsa da jarrabawar gyaransa, ga ɗalibai suna ninkuwa, kuma duk wannan lissafi a teburin ofishin rajista yake sauka.

Akwai wata matsala da ya kamata masu maganar mutunci su yi hattara da ita, domin al'adar da suke kafa hujja da ita tana da fuska biyu. Zaman ramuwar alheri a ƙasar Hausa da ta Zabarma ba kasafai yake ɗaure mutum ga ma'aikata ba, ya fi ɗaure shi ga mutumin da ya samar masa aikin, irin dangantakar ubangida da bara da M. G. Smith ya bayyana a nazarinsa na masarautar Zazzau. Ma'aikacin da ya shigo ta hannun wani babba yana iya zama mai tsananin biyayya, ya zo da asuba ya tashi da dare, amma biyayyar ta ubangidansa ce, ranar da aka sauya shugaban sashe sai himmar ta bi shi ta tafi, kuma wanda ya shigo ba ta hannun kowa ba yana kallo yana lissafi. Rigimar da aka yi a 2018 da 2019 tsakanin gwamnati da SNECS a kan ko zaɓen shugabannin jami'o'i za a ci gaba da yi ko naɗa su, wadda ta ƙare da dokar naɗi, an tafka ta ne a matsayin batun ƴancin malamai, alhali ga ƙaramin ma'aikaci tambayar ita ce ko ci gabansa zai dogara ga ƙa'idar da ke rubuce ko ga fuskar wanda ke kan kujera. Mutuntawar da ke zuwa a matsayin alfarmar shugaba nagari tana ƙarewa da wa'adinsa. Wadda ke gina kishin jami'a ita ce wadda aka mayar haƙƙi, kowa ya san sharuɗɗanta kuma ba sai ya durƙusa wa wani ba.

Hukuncin da hujjojin suka fi goyon baya shi ne a bi abubuwan a jere, ba a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Biyan albashi da alawus a ranarsu shi ne farko, kuma tabbacin ranar ya fi ƙaramin ƙari muhimmanci, domin mai gidan haya da mai kanti da uwar adashe duk da kwanan wata suke aiki. Bayansa sai abubuwan da ba su da tsada ƙwarai amma suke buƙatar niyya: a tallata kowane gurbi a fili, a ware wa ma'aikata kujeru a kwasa-kwasan jami'ar da rangwamen kuɗi da na lokaci, a ba wakilansu murya ta gaske a majalisun da ake yanke shawarar da ta shafi aikinsu, a bar shugaban ofishin rajista ya tsara yadda za a karɓi ɗalibai tunda shi ya san inda layi ke cushewa, kuma a hukunta mai karɓar na goro ko ɗan wane ne, domin rashin hukunta shi hukunci ne a kan mai gaskiyar da ke tebur na kusa. Jami'ar da ke son sanin matsayinta kuma ta daina ƙirga shekarun da ma'aikata suka yi, ta ƙirga kwanakin da ɗalibi ke jira kafin ya karɓi takardar makinsa, da yawan na'urorin ɗakin gwaji da ke aiki, sannan ta tambayi ma'aikatan, ta hanyar da ba za a gane mai amsa ba, ko za su zauna idan aka ba su irin wannan albashi a wani wuri. Tambayar ta shafi har waɗanda ba sa cikin rajistar dindindin, wato ƴan kwantiragi da ƴan wucin gadi da masu gadi da shara da ake ɗauka ta hannun kamfanoni, waɗanda ba su da fansho balle tsani, ba su da ƙungiyar da za ta yi yaji dominsu, kuma a hannunsu ake barin makullan harabar idan kowa ya tashi.